Jami'ar da Direbobin Tasha Ba Su Sani Ba

Zuwa ga uwata Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, da kuma gaisuwar ɗa ga mai sunan mahaifiyarsa. Allah Ya sa tafiyar gobe ta zama tafiyar alheri, Ya tsare ki a cikin dajin nan da bayan dajin, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki.

Na san dariya za ki fara yi. Gida ɗaya muke, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naku, amma ga Baba da wasiƙa sai ka ce wanda ke zaune a Legas. To, kin dai san halina. A tasha bakina ba ya mutuwa, ina iya kiran fasinjan Kaduna tun hantsi har la'asar muryata ba ta dishe ba. Amma da na shigo gida, maganar da ta fi nauyi sai ta maƙale mini a wuya, in ɓuge da tambayar ko an ba awaki ruwa. Shi ya sa na yago takardu daga bayan littafin da nake rubuta sunayen fasinja, ina rubuta miki tsakanin mota da mota. Inda kika ga rubutun ya karkace, kirana aka yi. Zan ba mahaifiyarki ta miƙa miki da yamma. Ki karanta yau, kada ki bari sai kin isa.

Abin da ya zaunar da ni shi ne maganar da na ji ranar Talata. Ina zaure ina saka takalmi, Gwaggonki Asabe tana tsakar gida tana tambayarki, "Wai 'yar nan, wace jami'a ce aka ce za ki?" Kika ce, "Can wajen Zariya ce, Gwaggo." Ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Babbar ke nan! Allah Ya yi albarka." Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa ina jiran in ji kin gyara mata, ba ki gyara ba. Da na yi wa mahaifiyarki maganar, sai ta gaya mini sauran. Wai kin ce shekara ɗaya kawai za ki yi a Jami'ar Tudun Marke, ki sake rubuta jarrabawa, ki koma babbar jami'ar gwamnati da kowa ya san sunanta, don kin gaji da mutane suna ce miki, "Ina ne nan kuma?"

Ban ji haushinki ba, uwata, ko kaɗan. Muryata na ji tana fita ta bakinki, kuma ban taɓa sanin haka take da muni ba sai ranar. Saboda haka ki ara mini kunnenki in gaya miki ɓarnar da na yi da hannuna, ko Allah Zai sa ki kauce mata.

Kina aji shida na firamare lokacin da yayanki ya kawo irin takardar nan taki, daga wannan jami'ar dai. Kin san ba na kama sunansa, ɗan fari ne, a takarda ma hannuna ba zai iya ba, sai ki yi haƙuri da "yayanki". Sun ba shi gurbin karatun lafiyar dabbobi, abin da yake so tun yana ƙarami yana bin Kawunku Sale zuwa rugagen Fulani a Kutemeshi. Sun kuma yafe masa rabin kuɗin makaranta saboda sakamakonsa ya yi kyau. Kawu Sale ya zo har gida ya ce sauran a wuyansa yake, don masararsa ta yi albarka a shekarar. Ina gaya miki wannan ne don kada wata rana wani ya ce miki talauci ne ya hana yayanki karatu. Ni na hana shi.

Ga yadda aka yi. Na ninke takardar na sa a aljihu na tafi wurin aiki. Kin san mu mutanen tasha, gani muke duniya duk a tafin hannunmu take. Garin da ba a yi masa lodi, a wurinmu ba gari ba ne. In ana gardamar ko wani wuri yana nan, direba ake tambaya, in direbobi goma suka ce ba su san shi ba, magana ta ƙare. Na sami mutanenmu cike da bencin mai shayi suna jiran layi ya zo kansu. Na ɗaga murya, har da ɗan alfaharina, na ce, "Jama'a, wa ya san Jami'ar Tudun Marke?"

Sai Garba Dogo, wanda ya fi shekara talatin yana jan mota hanyar Zariya, ya ajiye kofinsa ya ce, "Tudun Marke? Ba nan muke tsayawa sayen rake ba? Yaushe kuma rake ya fara ba da digiri?"

Benci ya kwashe da dariya. Wani ya ce, "Malam Hamisu, ka dai bincika, kar ka kai yaro koyon ɗinki a ce maka jami'a ce." Wani ya ce ɗan ƙanensa yana babbar jami'a, ya kama sunanta, kowa ya gyaɗa kai kamar an ambaci gwamna. Ni kuwa na taya su dariya, na ce, "Ai ni ma abin da na ce ke nan," alhali ban ce ba. Takardar tana aljihuna, ko fito da ita ban yi ba. Daga bencin nan zuwa gida tafiyar minti goma ce, kuma kafin in iso ƙofa na gama yanke hukunci a kan rayuwar ɗana.

Ban ma gaya masa da bakina ba, mahaifiyarki na aika. Washegari da safe ya same ni a zaure, ya durƙusa nesa da tabarma, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, da an je an gani mana." Na ce, "Ba na zuwa ganin abin da ba a sani ba. Ɗana ba zai ɓata shekarunsa ya fito da takardar da sai an tsaya yi wa mutane bayaninta ba. Ka sake jarrabawa, ka shiga ta gaske." Ya ce, "To, Baba." Ya tashi ya fita. Shekara bakwai ke nan, har yau ina jin wannan "to" ɗin.

Garba ba mugu ba ne, kada ki riƙe shi a zuciya. Ki tambaye shi ramukan da ke tsakanin nan da Funtuwa, zai ƙirga miki su ido rufe, ya gaya miki kwanar da ba a tsayawa ko taya ta fashe. Wannan ya sani, kuma saninsa ya ceci rayuka. Amma makaranta? A aji uku ya ajiye allo da littafi. Ni ne na kai tambayata inda ba wurinta ba, kuma abin da na tsorata ba lalacewar karatun yaro ba ne, dariyar benci ce. Saboda haka duk wanda ya taɓe baki ya ce miki bai taɓa jin sunan makarantarku ba, kafin gwiwarki ta yi sanyi ki tambayi kanki guda nawa shi ɗin ya sani. Gwaggonki Asabe jami'a ɗaya ta sani a duniya, Garba ya fi ta da ɗaya.

Kin ga abin da ya biyo baya da idonki, amma kina yarinya, ba ki san lissafinsa ba. Shekarar farko makinsa ya kai, gurbi bai samu ba, aka ce masu nema sun yi yawa. Ta biyu ma haka. A ta uku hanya ta riga ta lalace, sai da rakiyar sojoji ake fita, kuma ranar da zai tafi Kaduna rubuta jarrabawar ba a fita ba. Ya wuni a tasha da 'yar jakarsa a cinya, a gaban teburina, ni kuma ina ta rubuta sunayen mutanen da babu inda za su. Daga ranar bai sake ɗaga maganar jarrabawa ba. Bayan wata biyu na hango shi yana ɗaure kaya a bayan motar Garba. Daga kwandasta ya zama direba. In layi bai zo kansa ba, sai ya kwantar da kujera yana karanta tsofaffin littattafansa, shi ya sa 'yan tasha suke ce masa Farfesa. Su wasa suke yi. Ni duk sanda aka kira shi haka sai in sunkuyar da kai kan littafina kamar ina neman sunan wani fasinja.

Kin tuna abokinsa Ja'e, Bafulatanin nan na wajen Tabanni da yake kawo wa mahaifiyarki kindirmo? Tare suka sami gurbi, fanni ɗaya. Mahaifin Ja'e ko harafi ɗaya na boko bai sani ba. Bai kuma tambayi kowa ba. Ya zo tasha da sandarsa, ni na rubuta sunansa, ya shiga motar Zariya ya sauka a kwanar Tudun Marke. Da ya dawo na tare shi cikin zolaya na ce, "Ardo, ka gano jami'ar rake?"

Ya ce, "Na gano, Malam. Na ce su kai ni inda shanunsu suke. Na buɗe bakinsu, na ɗaga kofato, na je na ga inda suke shan ruwa. Mutanen da suka riƙe dabba haka ba za su wulaƙanta yaro ba."

Na yi masa dariya a cikina, na ce Bafulatani dai da saniya. Yau Ja'e ne yake duba shanu a kara ranar kasuwa. Daga Tabanni har Kutemeshi, in dabba ta kwanta shi ake nema. Ban taɓa ganin wanda ya riƙe saniya mara lafiya ya ce sai an gaya masa jami'ar da Ja'e ya yi kafin ya taɓa ta ba. Yakan biyo ta tasha a kan babur, ya sauka, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ina abokina?" Yaro ne mai ladabi. Wallahi da zai daina gaishe ni da na fi samun sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni babu motar da ba za ta ɗauke ni kyauta a tashar nan ba, a gidan gaba ma kuwa. Wuni ɗaya ya ishe ni in je in dawo. Daga baya na gano allon makarantar yana nan a kwanar tun farko, ƙarami, a bayan rumfar masu rake. Garba ya wuce shi sau ba adadi, idonsa yana kan raken. Makiyayi ya biya kuɗin mota ya je ya gani, ni mai tasha na zauna a benci na yanke hukunci. Ke yanzu za ki gani da idonki, to ki gani da kyau. Ki lura ko malamai suna shigowa aji a kan lokaci. Ki leƙa ɗakin gwaje-gwaje ki ga ko kayan aiki ne ko na hoto. Ki nemi 'yan ajin ƙarshe na karatun jinya, ki tambaye su asibitin da ake kai su koyon aiki, da ko ana bari su taɓa mara lafiya ko sai dai su tsaya daga baya suna kallo. Waɗannan su ne shanun da za ki buɗe bakinsu.

An kira ni, motar Kaduna ta cika har da rigimar wata mata da buhun barkononta. Na dawo.

Kada ki zaci da na gane kuskurena sai na yi hankali. Wani kuskuren na sake yi, irin na farkon ne ya canja riga. Kin san maƙwabcinmu Malam Iro. Shekara huɗu da suka wuce ya zo neman shawarata a kan ɗansa, don a unguwa ana ganin mutumin tasha ya san duniya. A lokacin akwai wata makaranta mai zaman kanta da ta cika rediyo da talla, safe da yamma, har yara sun haddace waƙar. Rabin motocin tasha suna ɗauke da takardarta a manne a gilashin baya. Na ce masa, "Malam Iro, wannan ai ba sai an tambaya ba, kowa ya san ta." Ya kai yaron a kan maganata. Sai da yaro ya yi shekara biyu aka gano fannin da yake karantawa hukuma ba ta amince da shi ba, ko ya gama ba za a kira shi bautar ƙasa ba. Ya tattaro kayansa ya dawo. Malam Iro bai taɓa ce mini uffan ba. Muna sahu ɗaya a masallaci, yana ba ni hannu bayan sallama, ni kuma hannun nawa yana yi mini nauyi.

Kin ga dai, sau biyu sunan makaranta kawai na bi. Na ƙi wadda ban ji sunanta ba, na karɓi wadda na ji sunanta har ya ishe ni, kuma duka biyun ban san komai a kansu ba. Duk mai kuɗin talla yana iya sa a san shi cikin wata uku. Ki riƙe wannan ba don makaranta kaɗai ba, har wurin aiki, har asibiti, har wanda zai zo neman aurenki da mota mai ƙara.

Shi ya sa da taki takardar ta zo ban kai ta benci ba. Ba ki san wannan ba, don na ce kada a gaya miki. Na je wurin shugaban sakandarenku na roƙe shi ya duba mini a wayarsa ko sunan makarantar yana cikin waɗanda gwamnati ta amince da su, da fannin jinya musamman. Ya duba, ya nuna mini, na ce ya sake dubawa. Na sami wata ma'aikaciyar jinya a asibitin garin nan da ta gama a can, na tsaya har ta tashi aiki, ta gaya mini ta yi bautar ƙasa kamar kowa, ta ci jarrabawar lasisi kamar kowa. Sannan ni da Kawu Sale muka shiga mota muka je. Makarantar ba ta da girma, cikin rabin awa mun zagaye ta. Fentin wasu azuzuwan ya koɗe, ruwan famfo kuma an ce yana ɗaukewa da rani, ki tafi da bokiti biyu. Amma na leƙa ta taga na ga aji da ɗalibai ba su fi talatin ba, malamar tana kiran kowa da sunansa. Ina tsaye a wurin nan na tuna yayanki, sai na nemi dakali na zauna. Kawunki ya ce, "Lafiya?" Na ce gwiwa ce. Ya dube ni kawai, don ya san ba gwiwa ba ce.

Ba zan yi miki ƙarya ba, uwata, suna yana da amfaninsa. Babbar jami'ar nan ba a banza aka san ta ba, ta yaye manyan mutane, kuma da ita ta ba ki gurbin jinya da na yi murna. Wata rana za ki miƙa takardarki a wani ofis a Abuja ko Legas, mutumin ya ɗaga gira ya ce, "Ina ne nan?" Wataƙila ma ya sa takardar wani a kan taki saboda haka. Zai yi ciwo, kuma ba ni da maganinsa. In ya faru kada ki yi fushi, kada ki yi kame-kame. Ki faɗi sunan a hankali, ki faɗi garin, ki ce a gwada ki. Nan yankinmu kuwa, daga Funtuwa zuwa nan, asibitoci sun fara sanin 'yan makarantar ta hannunsu, ba ta rediyo ba. Mara lafiyar da za ki samo wa jijiya a allura ɗaya ba zai tambaye ki inda kika koya ba.

Abin da nake tsoro shi ne shirin nan naki na shekara ɗaya. Na san yadda mai jiran wata mota yake zama a tasha, kullum ina ganinsu. Ba ya sauke kayansa, ba ya sakin jiki, ba ya kula na kusa da shi, kunnensa yana waje. In kika zauna a aji haka, karatun jinyar ba zai shiga ba, na jarrabawar ma ba zai shiga ba. Kuma gurbin da kike hange, yayanki ya fi ki maki, kada ki ji haushi, ya jira shi shekara uku. Ba na ce ke ma ba za ki samu ba, Allah ne mai bayarwa. Cewa nake yi kina da gurbi a hannu, a fannin da kike so tun kina ɗaure wa 'yan awaki ƙafa da tsumma, kuma dalilin da zai sa ki sake shi bai wuce don Gwaggo ta yi guɗa da gaskiya ba. Da wani aibi kika gani a karatun, da ni zan zo in ɗauko ki. Amma kunyar suna, a gidan nan an riga an biya ta da mutum guda.

Kuma kada ki ɗauka ni na warke. Makon da takardarki ta zo, bayan duk binciken nan da na yi, Garba ya tambaye ni, "An ce 'yarka ta sami jami'a, wacce?" Kin san abin da na ce? Na ce, "Can wajen Zariya ce." Kalmomin da kika faɗa wa Gwaggonki, ba ragi ba ƙari. Ban san ko kin ji ni na faɗa a gida ba ne, ko kuwa abin a jini yake. Jiya na je na gyara. Na tsaya a gaban benci na faɗi sunan sosai. Garba ya sake kawo maganar rake, wasu suka yi dariya, mai shayi ya ci gaba da fasa ƙwai. Shi ke nan. Abin da na tsorata har na rushe wa ɗana rayuwa bai kai tsawon shan kofin shayi ɗaya ba.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi. Har yau ban ba yayanki haƙuri ba. Al'ada ta ce uba yana jin kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi. Iyayenmu sun yi haka don kara da kamun kai, ni kuwa na mayar da ita mafaka. Duk sanda zuciyata ta ce in kira shi in ce na yi kuskure, sai in ce ai ɗan fari ne, ba a yi. Ƙarya nake yi wa kaina, girman kai ne kawai. Kin tuna ranar da ya dawo daga hanyar Funtuwa gilashin gabansa a tarwatse, mutanen daji sun buɗe musu wuta a kwana, Allah Ya fitar da shi da fasinjansa? Mahaifiyarki tana zaune tana cire masa ɓaraguzan gilashi daga hannu da tsinke. Ba ta dube ni ba. Ta dai ce, kamar da kanta take magana, "Da yana makaranta." Ko ranar ban ba shi haƙuri ba. Na ce, "Allah Ya kiyaye gaba," na fita na tsaya a bayan gida kusa da turken awaki har hawayen suka tsaya. Uwata, in kika yi wa mutum ba daidai ba, ki faɗa da wuri. Kullum aka kwana maganar ƙara nauyi take yi, har ta kai inda baki ba zai iya ɗaga ta ba.

Da safen nan ina tsakiyar rubuta miki takardar nan ya zo ya tsaya a gaban teburina. Na yi sauri na kife takardun. Ya gaishe ni, ya ce, "Baba, gobe na bar wa Garba layina. Ni zan kai Rukayya."

Na ce, "Ai da ta shiga motar haya ta sauka a kwana, akwai masu babur."

Ya ce, "A'a. Har ciki zan kai ta."

Na ce, "Ka san wurin?"

Ya ce, "Sau uku a mako nake wucewa ta kwanar, Baba. Daga titi ana hango rufin."

Na ce, "Ka taɓa shiga?"

Ya ɗan yi murmushi, ba na daɗi ba, ya ce, "In shiga in ce na zo yin me?"

Sai wani ya ƙwala masa kira, ya tafi.

To ga roƙona, kuma saboda shi na ce ki karanta yau. Da muka je ni da Kawunki na lura masu gadi ba sa barin motar haya ta wuce ƙofa, a waje ake ajiye ta. Ɗan'uwan ɗaliba kuwa ana barinsa ya shiga in yana ɗauke mata kaya. Na san ki da son nuna ƙarfi, za ki ce akwatin ba nauyi, ki sure abinki ki ce masa ya juya kada yamma ta yi masa a daji. Kada ki yi. Ki bar masa akwatin. Kada ki bi gajeriyar hanya zuwa ɗakin kwananku. Ki ce ba ki gane hanya ba, ku bi ta gaban azuzuwa, ku zagaya ta baya inda shanun makarantar suke. In ya tsaya, ki tsaya. Kada ki yi masa magana, kada ki ce masa lokaci yana tafiya. Ki dubi fuskarsa sau ɗaya kawai. Bayan nan, in har yanzu kina ganin wurin bai kai ki zauna ki gama ba saboda mutane ba su san sunansa ba, ki kira ni ki gaya mini, ba zan ce miki komai ba.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki ci abinci, kada ki ce sai irin tuwon gida. Ki riƙa kiran mahaifiyarki ko ba ki da abin faɗa, don ita ba za ta ce tana kewarki ba, sai dai ta huce a kaina. Ki yafe mini abin da kika gada daga bakina.

Allah Ya fitar da ku daga dajin nan lafiya ku biyu, Ya kautar da idon mugu daga motarku, Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa. Ke Allah Ya zaunar da ke har ki gama. Shi kuma Allah Ya dawo mini da shi gida lafiya, Ya ba ni bakin da zan tare shi da shi in ya dawo. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Hamisu
Tashar mota, Birnin Gwari